Kewayen Dutsen Shamuwa

Damina ta huɗu da shigowar Turawa Sakkwato, ran wata Asabar da hantsi, ina zaune a zauren gidanmu na Ƙofar Taramniya ina sa wa hauya sabuwar ƙota, sai ga masinjan Bature ya yi sallama. Sunansa Ƙasimu, Bakano ne mai jar dara da ɗamara, irin mutanen nan da tun ranar da aka ba su takarda su kai wani wuri suka manta yadda ake gaida na gaba. Ko takalmi bai tuɓe ba.

Ya ce, "Kai ne Illo mai tarko?"

Na ce ni ne. Noma ne sana'ata, amma da yake tun ina ƙarami nake ɗana wa zomo da fakara tarko a Dutsen Shamuwa, sunan ya bi ni har na yi gemu.

Ya ce, "To gobe da sassafe Bature zai kewaya dutsen nan naku da ƙafa. An ce babu wanda ya san hanyoyinsa kamarka. Kai za ka shige gaba."

Na ajiye hauyar na ce, "Kewaya shi za shi yi? Mi shika biɗa can?"

"Ana tambayar Bature dalili? Ka dai same mu gindin kukar da ke gabas da dutsen. Kuma ka buɗe kunnenka da kyau. In ya yi tuntuɓe, kai ka tura shi. In ƙaya ta soke shi, kai ka dasa ta."

Ya juya ya tafi abinsa, ni kuwa hankalina ya tashi.

'Yan yanzu ba za su gane abin da ya kaɗa ni ba, don haka bari in faɗa. A wurinmu ba a kewaya ƙasa a banza. Mutum yakan ratsa daji ya je kasuwa, ya je gona, ya je gaisuwar mutuwa, ya juyo ta inda ya bi. Amma a ce ya tashi daga wuri, ya yi ta tafiya yana karkata har ƙafarsa ta komo inda ta tashi, to wannan mallaka ake yi. Da idona na ga ranar da aka ba mahaifina gonarmu. Wakilin hakimi ya shige gaba, shaidu na biye, a kowace kusurwa aka ajiye dutse, da suka komo kan dutsen farko ya ce, "Abin da ke ciki naka ne," aka shafa fatiha. Kuma ba a cika shekara ba da wasu Turawa biyu suka kewaya gonakin su Mamman, wani maƙwabcinmu, a kudancin gari, suna tafe suna nune-nune. Kafin a yanke gero an kafa gini a wurin. Mamman da ke cika rumbu uku, a lokacin da wannan abu ya faru itace yake sayarwa a bakin kasuwa.

Dutsen Shamuwa yana yamma da gari, gaba da ƙauyen Arkilla, ja ne mai shimfiɗaɗɗen kai. A gindinsa ta kudu akwai gonaki biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ta sama, wadda ta jingina da dutsen, ta Yari ce. Ta ƙasa tawa ce. Ƙarƙashin tawa akwai 'yar ƙorama, kuma ta bakinta hanyar take wadda kowa ke bi in zai zaga dutsen. Ke nan duk wanda ya kewaya Dutsen Shamuwa ta hanyar mutane, ya sa gonata da ta Yari a ciki. Gonar nan kuwa ita ce abin da na mallaka a duniya. Ita ke ciyar da ni da matata Hajjo da 'ya'ya biyar da tsohuwata wadda idonta ya riga ya tafi. Naman tarko na miya ne kawai, ba ya riƙe gida.

Yari taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina. Tare aka yi mana kaciya, tare muka sha bulalar malam. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa irin ta mutanen kirki ba, sai dai zagi da tsiya kamar yadda taubasai ke yi, har wanda bai san mu ba yakan tashi rabon faɗa. Shekarar da na kwanta ciwon kurkunu, shi ya nome gonata kafin ya taɓa tasa, kuma ya yi shekara uku yana yi mini gori a kai a gaban jama'a.

Ranar nan na kasa zaune na kasa tsaye. In shiga cikin gida, in fito zaure, in leƙa ƙofa, in koma. Hajjo na tankaɗe a tsakar gida, ta bi ni da ido har ta gaji.

Ta ce, "Malam, mi as same ka? Tun ɗazu kana shiga kana hita kamar kaza za ta yi ƙwai."

Na gaya mata. Ta ajiye rariya, don ita ma ta san matar Mamman.

Can ta ce, "To tashi ka tahi ka hwaɗa ma Yari. Mai shawara aikinai ba shi ɓaci."

Na tafi. Bayan azahar na isa, na bi ta bakin ƙorama, na ratsa gonata zuwa sama. Geron bana ya yi kyau irin wanda ke sa manomi ya riƙa magana shi kaɗai, kara ya wuce kaina, kai ya fara leƙowa. Na iso iyakarmu da Yari. Layin gamba ne da iyayenmu suka dasa, da 'yar turba siririya a gefensa wadda ƙafafunmu suka fitar, ta taso daga yamma ta ɓulle gabas. Sau dubu na bi ta ban taɓa dubanta ba, ranar nan na tsaya na ƙare mata kallo. In mutum ya bi ta nan, gonar Yari na ciki, tawa na waje. Ban kira tunanin nan ba, shi ya zo da kansa, amma kuma ban kore shi ba.

Akwai hanya ta uku. Bisa gonar Yari, a jikin dutsen, awaki sun fitar da wani sawu da ya bi ta bakin gangare. Wanda ya bi ta can ya bar gonakin duka biyu a waje. Sai dai tsakuwa ce mai zamewa, wani wurin faɗinsa bai wuce tafin ƙafa biyu ba, kuma ƙasa da nisa. Ni nakan bi ta da buhun tarko a kafaɗa. Amma ni ba Bature ba ne, in na faɗi uwata kaɗai za ta yi kuka.

"A'a, Sarkin Zomaye, yau talakawanka sun sallame ka?"

Yari ne ya ɓullo daga cikin gero da hauya a kafaɗa, zufa na tsiyaya a gemunsa.

Na ce, "Na zaka in gani ko ka cinye hatsin tun shina ɗanye."

Ya yi dariya ya jawo ni inuwar gawo, ya buɗe goran furar da matarsa Iyatu ta dama masa, ya miƙo mini tun bai kai bakinsa ba. Na sha. Ya nuna gonarsa da haɓa.

"Diba hatsi, Illo. Bana sai na gina rumbu na biyu. In ka yi ladabi in ɗauke ka gadi."

Sau uku na buɗe baki zan gaya masa, sau uku na mayar da maganar ciki. Ba mantuwa ba ce, ba kuma nauyin baki ba. Na san in na faɗa, abin ya zama namu mu biyu, ni kuwa na riga na hango hanyar da zan tsira ni kaɗai. Hausawa sun ce so duk so ne amma son kai ya fi, kuma ban ga ranar da suka yi ƙarya ba. Na shanye masa rabin fura na koma gari. Da Hajjo ta tambaye ni, na ce ban same shi ba.

Washegari an yi ruwa da asuba, ya ɗauke kafin rana ta fito. Na iske su gindin kuka. Baturen nan Mai Lofe mutane ke ce masa, don bakinsa ba ya rabuwa da lofen taba. Dogo ne, ja kamar gauta, da gajeren wando kamar tela ya yi masa rowar ƙyalle, da takalma masu ƙusoshi, da sanda. Ga dokinsa lafiyayye, amma ya sa aka ɗaure shi a gindin kukar ya ce da ƙafa za a tafi. Mutum da doki ya zaɓi ƙafa, wannan kaɗai ya isa ka san da wata a ƙasa.

Ya dube ni ya ce, "Sannu. Mu tafi." Hausarsa ba ta wuce cikin cokali ba, sauran sai Ƙasimu ya juya.

Muka kama ta arewa, ni a gaba, Bature a tsakiya, Ƙasimu a baya da goran ruwa. Hanyar ta nan tana hawa a hankali cikin sabara da geza. Ƙasa ta jiƙe tana ƙamshi, ganye na ɗigar ruwa a wuyanmu, jan dutsen ya wanku tas. Rana irin wannan da ni kaɗai ne da ina tafe ina 'yar waƙata. Amma kowane taki na yi, ji nake kamar igiya nake ja ina ɗaure wuyan gonata.

Dabara ta farko da ta zo mini ita ce in gajiyar da shi. In ya gaji ya juya, kewaye bai cika ba, kuma kewayen da bai cika ba ba ya ba kowa komai. Na saki ƙafa. Na bar inda ke da sauƙi na riƙa bi ta kan manyan duwatsu, ina tsalle kamar wanda kura ta biyo. Da na waiga, ga Mai Lofe a bayana yana murmushi, hayaƙi na tashi. Wanda ya jigata Ƙasimu ne. Dara ta karkace, harshe a waje, yana riƙe da ƙugu.

Ya ce, "Kai Basakkwace, gudun me kake yi? Gobara ake a gabanka?"

Na ce, "Haka muka tahiya nan." Wallahi ko a cikin tashin hankalina sai da na ji daɗin ganinsa haka.

Da gudu bai yi ba, na koma tsoratarwa. Muka iso wani kogo, na tsaya na ce wa Ƙasimu ya gaya wa Bature nan ramin kura ne, tana da 'ya'ya, kuma gaba ma akwai kububuwa, gara mu juya. Ƙasimu ya faɗa masa da sauri, don shi ma juyawar yake so. Sai idon Bature ya yi haske. Ya durƙusa ya cusa kansa cikin kogon har kafaɗa, ya fito da baƙin ciki a fuska don bai iske kowa a gida ba. Nan na san wannan mutum ba a tsorata shi da abin da ke tsorata masu hankali.

Ga kuma tsaye-tsaye. In fakara ta tashi fur daga ciyawa, sai ya tsaya ya ɗora wani madubin hange a ido, ya daɗe yana dubawa, sannan ya zaro ɗan littafi daga aljihu ya yi ta zane-zane. Ya yi haka wajen shamuwa biyu da ke kan wata aduwa, ya yi haka a bakin wani kwazazzabo. Ni dai na san abin da ya biyo bayan littafi da nune-nune a gonar Mamman. Duk sanda alƙalaminsa ya motsa sai in ce gonata ake rubutawa.

Rana ta ɗaga sosai muka hau ƙarshen dutsen ta yamma, inda ya fi tsawo. Ba zan yi wa wurin nan rowar yabo ba, duk da abin da ya faru. Daga can kana ganin gulbin Rima ya cika ya malala cikin fadama, shinkafa kore shar har inda ido ya tsaya, giginyu tsaye cikin ruwa, masu jirgi kamar ƙwari a kan tafki. Shanun Fulani fari fat a kan wani tudu. In ka juya gabas ga Sakkwato gaba ɗayanta a kwance, ganuwa da soraye da hayaƙin girki, har kana iya cewa ga wajen unguwarmu. Iska na kaɗawa mai sanyi. Bature ya cire hularsa ya cire lofe daga baki, ya tsaya shiru kamar mai sauraron kiran salla. Ni kuwa kudu nake kallo, inda gonaki biyu ke shimfiɗe ƙarƙashinmu, da wani ɗan ɗigo baƙi yana motsi a cikin ta sama. Yari ne yana noma.

Sai Mai Lofe ya sunkuya ya ɗauki dutse ya ajiye a kan wani fa. Ya ɗauko na biyu ya ɗora, ya ɗora na uku. Ya ɗauki na huɗu ya miƙo mini, yana nuna mini in ɗora a sama.

Ga kewaye, ga littafi, yanzu ga dutsen iyaka, kuma ni aka mayar shaida. Na karɓa na ɗora da hannuna. Ya ce, "Da kyau."

Gangarowa ta kudu ba ta da wuya, amma ni na fi jin nauyinta. Ina tafe ina lissafin bakunan gidana, ina ganin tsohuwata zaune a kan tabarma tana lalube ƙwarya. In na kore wannan sai in ga Yari yana miƙo mini gora. Na yi addu'a hadari ya taso ya kore mu, sama kuwa tas kamar an share. Na yi addu'a Bature ya gurɗe ƙafa, sai na tuna wanda za a ce ya tura shi, na janye addu'ar.

Muka iso inda hanya ta rabu uku, a ƙarƙashin wani kalgo. Ta dama ta gangara bakin ƙorama. Ta tsakiya ita ce turbar gamba. Ta hagu sawun awaki ne da ya manne a jikin dutse. Na tsaya kamar ina cire ƙaya a ƙafa.

Bature ya ɗaga sanda ya nuna ta hagu, ya yi magana. Ƙasimu ya ce, "Wai waccan fa? Tana ɓullewa?"

Ga ƙofa Allah ya buɗe mini, shi da kansa ya tambaya. Na dubi sawun. Ruwan asuba ya jiƙa tsakuwa tana ƙyalli. Na dubi takalmansa masu ƙusa, na dubi zurfin gangaren, na ga kaina a ɗaure ana ja na cikin kasuwa, 'ya'yana na kallo. Tsoro ne ya kama ni, ba wani abu ba, kuma ba zan sa masa wani suna ba.

Na ce, "Ba ta biyuwa. Ta yanke tsakiya."

Ƙasimu ya juya masa, har da ƙarin gishiri. Bature ya ɗaga kafaɗa. Sai ya nuna ta ƙorama, wadda ita ce a fili, faffaɗa.

Na ce, "Wagga ruwa ya cika ta. Mu biya nan."

Na sa ƙafa a turbar tsakiya.

Gamba na shafar hannuna na dama, geron Yari na shafar na hagu. Tsawon turbar nan bai kai a sha lofe ɗaya ba, amma ban taɓa tafiya mai nisanta ba. Ina roƙon Allah ya sa Yari na can ƙarshen gona, ya sa gero ya rufe mu. Muna kaiwa tsakiya sai ga shi a bakin kunya, taki biyar tsakaninmu, a duƙe. Ya ji ƙarar takalma ya ɗago.

Bature ya ɗaga masa sanda ya ce, "Sannu da aiki."

Yari ya miƙe tsaye. Ya dubi Baturen, ya dubi littafin da ke leƙowa daga aljihunsa, ya dubi Ƙasimu da jar dara. Sannan ya dubi inda muka fito da inda muka nufa. Shi ma yana wurin ranar da aka kewaya wa mahaifina gona, ba ya bukatar mai fassara. Daga ƙarshe ya dube ni.

Ya ce, "Illo, turbar ƙorama ta toshe?"

Na ce, "Ruwa ya cika ta."

Daga inda yake tsaye ana hango ƙoramar ta tsakanin karan gero. Ruwan bai kai idon sawu ba, har wata mata na tsallakawa da itace a ka. Ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya sunkuya ya ci gaba da nomansa. Ni ma na ci gaba da tafiya, don Bature na bayana kuma turbar ba ta da wurin juyawa.

Kafin azahar muka komo gindin kuka, ƙafarmu ta taka inda ta tashi. Mai Lofe ya dafa kafaɗata ya ce, "Da kyau, da kyau," ya hau dokinsa. Na tsaya ina jira a ce abin da ke ciki nasa ne, ba wanda ya ce komai. Na ɗauka sai sun koma sun rubuta.

A gida na gaya wa Hajjo gaskiya, har da ƙaryar da na yi mata jiya.

Ta ce, "Ka ceci tuwonmu, ba ni cewa komi. Amma ni ban san da wane ido za ni diba Iyatu ba."

Kwana huɗu ban je gona ba, a tsakiyar damina, lokacin da ciyawa ba ta jiran kowa. Gonar da na yi wannan abu dominta, na kasa zuwa in gan ta. In na ji takun doki a waje sai in miƙe. In an yi sallama sai in ce Yari ne ya zo ya zage ni, kuma da ya zo da na ji sauƙi. Bai zo ba. Na yi ta zaga gari ba dalili, daga masallaci zuwa majema, daga majema zuwa bakin kasuwa, ina sauraron ko za a yi shelar ƙwace ƙasa. Na hangi Mamman da itacensa na sauya hanya.

Ran Alhamis na ci karo da Ƙasimu wajen masu goro, yana ɗingishi. Na ja shi gefe, na ɓare goro na ba shi babban ɓari, na ƙasƙantar da murya.

Na ce, "Don Allah hwaɗa mani gaskiya. Yaushe za a amshe wurin?"

"Wane wuri?"

"Wanda munka kewaya."

Ya dube ni, ya dube ni, sai ya fashe da dariya har goro ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya ce shi ma abin ya dame shi, don ƙafafunsa sun kumbura, shi ya sa ya tambayi kukun Bature, wani tsoho da ya daɗe yana yi musu aiki tun a Lakwaja.

Ya ce, "Babu abin da za a karɓa. Wai a ƙasarsu haka suke yi. In Lahadi ta zo sai mutum ya nemi dutse ya zaga shi, ya sha wuya, ya dawo inda ya tashi, shi ke nan ya ji daɗi."

"Ba don komi ba?"

"Ba don komai ba. Cin abinci ne ya yi musu yawa."

"To littahin fa?"

"Tsuntsaye ya zana. Na gani da idona, har da fakararku mai ƙaton gindi."

"Duwatsun da ya tara?"

"Wai duk wanda ya kai ƙololuwa yakan ajiye, don na baya ya san an zo. Kai, har ma ya ji haushi da ka ce hanyar sama ta yanke. Ya hange ta da madubinsa daga ƙasa ya ga ta ɓulle. Lahadi mai zuwa ita zai bi, ko da kai ko ba kai. Ni dai na ce zazzaɓi nake yi."

Ban tsaya sallama ba. Na fita ta ƙofar gari ina sauri ina haɗawa da gudu, na wuce Arkilla mutane na tambayata lafiya. Murna nake, wallahi murna nake kamar yaron da aka yafe wa bulala. Ina ce wa kaina tunda ba a ƙwaci komai ba, ai ba a yi komai ba.

Na iske Yari a gonarsa. Kwana huɗun nan da ya ɗauka an ƙwace ta, bai fasa zuwa ba, ya nome ta tas har gindin dutse. Na tsaya a kan turba ina haki, na zazzage masa labari duka, da kuku, da tsuntsaye, da duwatsu. Na ƙara da dariya, na ce ka ji shirmen Turawa.

Ya saurare ni har na gama, yana dogare da hauya. Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Na jira ya ƙara wani abu, ko zagi ne. Bai ƙara ba.

Na ce, "Yari, gonakka na nan. Ba a taɓa ta ba, ba a taɓa ta kuma."

Ya ce, "Gona na nan, ita ba ta tahi ko'ina ba. Amma ran nan kai ba ka san wasa Bature shikai ba, ni ma ban sani ba. Da gaske munka ɗauke ta mu biyu. Kuma na ga turbad da kab biya."

Na fara kawo masa tsohuwa, da yara biyar, da tsakuwa mai zamewa, da abin da Ƙasimu ya ce za a yi mini in Bature ya faɗi. Duk gaskiya ne, kuma duk ya sani. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ba da faɗa ba.

"Na san wanga duka. Shi as sa abin ya yi mani ciwo. Ran Asabar ka zaka nan, ka zamna, ka sha hura, kana sane. Da ka buɗe baki ka hwaɗa mani, Illo, ni da kaina za ni ce maka ka biya ta tsakiya. Kai ka da tsohuwa da ɗiya biyar, ni biyu gare ni. Da na ba ka ita da hannuna."

Ya tofa yawu a tafin hannu, ya kama ƙotar hauya, ya juya mini baya ya ci gaba da aikinsa. Na daɗe tsaye a kan turbar, har na gane ba zai sake ɗagowa ba.

Ran Lahadi na shige gaban Mai Lofe muka bi hanyar awaki. Ya haye ta yana busa hayaƙi, ko zamewa bai yi ba. Da aka yi girbi, Yari ya bar wa ƙanen matarsa gonar, ya kwashe iyalinsa ya koma noman shinkafa a fadama. Ni ina nan da tawa shekara talatin da ɗoriya, ko taki ɗaya ba a taɓa ƙwace mini ba.